Ninki uku na biya saboda zobe na biyu

Wata biyu da 'yan kai akwatin nan ya yi a ɗakina ban taɓa ko kara ɗaya ba. Buɗewa kawai nake yi in shinshina in mayar. Kara goma ne a ciki, tabar ganye ta Nikaragwa, irin mai kaurin nan da yaran gidanmu ke kira tabar Kastro. Kowane kara da zobe biyu: na kamfanin, wanda na saba gani a kan wadda nake sha kullum, sai wani baƙi a ƙasansa da aka rubuta Reserva da ruwan zinare. A cikin murfin kuma an buga lambar akwatin, wai guda dubu biyu kacal aka yi a duniya. A Dubai na saya, a shagon da duk mai sha a cikinku ya sani, ba sai na kama suna ba. Kuɗinsa ya ninka na wadda na saba saya sau uku, alhali kamfani ɗaya, tsayi ɗaya, kauri ɗaya.

Mai shagon ya iya baki, ban rage masa wannan ba. Ya ce ganyen ya daɗe a ajiye, daga gona ɗaya aka tsinko shi, kuma gwanayen masu naɗi kaɗai aka bari suka taɓa shi. Na ce shekara nawa ya yi? Ya ce “da yawa.” A nan ya kamata in ajiye akwatin in ɗauki tawa ta gado in fita. Amma idona ya riga ya faɗa kan sheƙin katakon, zuciya na ce mini araha ba ta ado.

Abin da na tanade ta dominsa shi ne zuwan Alhaji, ubangidana da ya ɗora ni a kan harkar atamfa a Kantin Kwari, shi ne kuma ya fara miƙa mini irin wannan taba sama da shekara goma da suka wuce. Mutum ne da ya sha ta Kyuba tun tana da sauƙi. Partagás Serie D No. 4 ce abokiyar hirarsa, har zuwa 2022 da farashin tabar Kyuba ya yi tashin gwauron zabo, aka daidaita kuɗin manyan samfuranta, Cohiba da Trinidad, da na kasuwar Hong Kong, guguwar Ian kuma ta zo a watan Satumba ta rushe rumfunan shanya ganye a Pinar del Río, cibiyar noman taba ta Kyuba. Tun daga nan yake ƙorafin abin ya fi ƙarfin mai iyali. To ni burina in nuna masa cewa yaronsa ma ya san hanya, ba sai ta Kyuba ba.

Bayan isha'i muka hau saman bene, sanyin watan Janairu na kaɗawa, an kawo shayi. Na ɗauko akwatin da hannu biyu kamar mai kai lefe. Alhaji ya zari ɗaya, ya jujjuya ta a yatsunsa, ya ɗan matsa ta daga kai har gindi. Na ga ya tsaya a wani wuri kusa da zoben ya sake matsawa. Bai ce komai ba. Ya yanke kan, ya kai baki ya ja tun kafin a kunna, sai na ga kumatunsa sun lotsa.

“Ɗana, wannan kam a toshe take.”

“Ranka ya daɗe, bari a kunna, zafi zai buɗe ta.”

Aka kunna. Ashana huɗu ta ci kafin bakin ya kama. Hayaƙin da ke fitowa bai kai na turaren tsinke ba. Dattijo yana ja kamar mai tsotson ɓargo a busasshen ƙashi, jijiyar wuyansa har ta tashi. Gefe ɗaya ya kama ci yana gudu, ɗaya gefen ya tsaya cak, tokar ta fito baƙa. Kafin a yi minti goma rigar waje ta tsage tun daga wutar har kusan zobe. Tawa da na kunna ta ɗan fi tasa ja, amma ɗaci ne zalla da wani ɗanɗano kamar an jiƙa kwali. Na yi maza na ciro masa ta biyu, ita ma da ya matsa ya girgiza kai ya mayar.

Sai ya ce, “Ba ka da irin waccan da ka ba ni bara?”

Waccan ɗin ita ce ta yau da kullum, mai zobe ɗaya, wadda na ture gefe don kada ta ɓata wa baƙuwa fuska. Na sauka na ɗauko. Ashana ɗaya, ta kama zagaye guda, toka fara tas ta tsaya har kusan gaɓar yatsa biyu ba ta faɗi ba. Alhaji ya jingina da bango ya yi sa'a guda da ita yana ba ni labarin fataucin Kwatano. Da zai tafi ya dafa akwatin mai sheƙi ya ce, “Katakon dai ya yi kyau, Hajiya ta samu wurin ajiye sarƙa.” Dariya ya yi, ni ma na yi, amma Allah ya sani daren nan sai da na yi juyi kafin barci ya ɗauke ni.

Da safe na ɗauki reza na tsaga wadda ya bari. Wanda bai taɓa yi ba ya gwada, a nan ake ganin gaskiyar mai naɗi. Riga ce a waje, sai ganyen ɗamara da ke riƙe da na ciki, sai na cikin da ya kamata a jera su a tsaye, da 'yan hanyoyin da iska za ta bi. A wannan, daidai wurin da Alhaji ya tsaya da yatsa, ganyen ya murɗe ya dunƙule kamar igiya, ga wata jijiyar ganye mai kaurin tsinken tsire kwance a tsakiya. Ko injin ban ruwa aka sa ba zai ja iska ta nan ba.

Na ɗauki hoto na tura wa mai shagon ta WhatsApp. Amsarsa ita ce ajiyata ce ba ta da kyau, wai ƙasarmu ta cika bushewa. Ban ce ƙarya yake yi gaba ɗaya ba. Duk mai ajiye taba a Kano ya san hunturu mugu ne, danshin iska kan sauka ƙasa da kashi 20, ita kuwa tana son tsakanin 65 da 70. Idan bazara ta shigo kuma zafi ya haura 40, fargabar ƙwaron taba ce, wanda ke ƙyanƙyashewa ya huda kara kamar an sa allura. Shi ya sa nake ajiye tawa a ɗakin da ya fi sanyi, cikin akwati mai rufuwa ruf, da 'yan jakunkunan daidaita danshi na Boveda masu lamba 69 da agogon auna danshi. Tsagewar rigar, to, na yarda iskar saman bene ta taimaka. Amma hunturu ba ya shiga cikin kara ya murɗe ganye, ba ya dasa jijiya. Kuma mai zobe ɗayan da ta ci lafiya lau, a akwati ɗaya suka kwana, iska ɗaya suka sha. Da na rubuta masa haka sai ya turo mini hoton hannu biyu a haɗe, shi ke nan.

Abin da ya fi ci mini rai da na zauna na yi tunani, na san yadda abin yake tun kafin in saya. A Kyuba waɗannan kalmomi suna da ma'auni. Edición Limitada, da aka fara a 2000, ganyenta sai ya shekara biyu a ajiye. Reserva shekara uku, Gran Reserva shekara biyar, kuma ana rubuta shekarar girbin a jiki. Ta farko a Gran Reserva, Cohiba Siglo VI, girbin 2003 ce aka fitar a 2009, akwati 5,000 masu kara goma sha biyar-biyar. Ko ka ce tsadar ta yi yawa, ka san abin da aka ce an sayar maka. Da ka fita Kyuba kuwa babu mai riƙe da wannan ma'auni, kowa na iya zuwa wurin mai buga takarda ya ce a rubuta masa Reserva. Akwai masu faɗa maka lissafinsu a fili, kamar kamfanin Padrón da ke cewa 1964 ɗinsu shekara huɗu ce, 1926 shekara biyar, kuma waɗannan kullum ana yin su, ba a ce maka gobe za su ƙare. Nawa akwatin na juya shi ciki da bai, babu shekarar girbi, babu adadin shekarun ajiya, babu sunan gonar. A yankunan noman taba na Nikaragwa, Esteli ce, Jalapa ce, Condega ce, oho. Lambar akwati kawai, ita kuwa lamba ba a shan ta.

Na tura sauran can ƙasan akwatin ajiya na manta da su. Uwargida ma, wadda dama ba ta ƙaunar abin, kullum tana tuna mini maganar likita cewa rashin zuƙa zuwa huhu ba ya hana ta taɓa baki da maƙogwaro, ta ce ai gara da ta ƙi shayuwa.

Sai cikin watan Agusta, ana tsakiyar damina, wani dare an ɗauke ruwa, na ce bari in ƙara gwada ɗaya kafin in rabar. Na zaɓi wadda na matsa na ji babu ƙulli. Jama'a, ban san bakin da zan faɗa ba. Ja ɗaya hayaƙi ya cika baki, mai kauri, mai laushi. Farkonta barkono-barkono, kafin a kai tsakiya ta juye ta koma kamar gahawa da dabino, can ƙarshe wani zaƙi-zaƙi irin na ƙanzon tuwo da bai ƙone ba. Ta yau da kullum ɗin daɗinta ɗaya ne daga farko har ƙarshe, wannan kuwa sau uku tana canza magana. Na sha ta har tana ƙona mini yatsa. A daren nan da mai shagon ya kira ni da na ba shi haƙuri, har na fara lissafin ko akwai sauran akwati a wurinsa. Ganyen kam mai kyau ne, wannan ba na musu, kuma wata bakwai da ta yi a kwance ya gyara ta ƙwarai.

Kwana uku bayan nan na kunna wata da murnata, ta toshe.

Ga lissafin yadda ya tsaya. Cikin tara da na taɓa, huɗu ba su ja ba sam, har da biyun Alhaji. Biyu sun shayu amma ba su fi mai zobe ɗaya da komai ba. Uku ne suka yi abin da aka yi alkawari. Wato kuɗin kara talatin na wadda na saba na zuba don in ji daɗin kara uku, ita kuwa waccan a akwati mai ashirin da wuya in samu ɗaya da ta ba ni wahala, don masu naɗa ta kullum ita suke naɗawa, hannunsu ya faɗa. Da wannan kuɗin da na cika jaka da Hemingway ta Arturo Fuente, mai rigar ganyen Kamaru maƙwabtanmu, in sha har wata shekara, da canji a aljihu. Kwalliya ba ta biya kuɗin sabulu ba. Kuma duk daɗin ukun nan ni kaɗai na ji shi, a ɗaki, babu shaida. A ranar da nake buƙatar ta fitar da ni kunya a gaban mutumin da nake jin nauyi, ranar ta zaɓa ta kwance mini zani a kasuwa. Har yau in na shiga rumfarsa sai ya tambaye ni ko Hajiya ta karɓi akwatin sarƙarta.

Saura kara ɗaya. Na matsa ta ta kowane gefe ban ji ƙulli ba, ina kyautata zaton tana cikin masu kyau. Na so in kai wa Alhaji don ya san ba hauka na yi ba, sai na tuna kumatunsa a daren nan, na mayar da ita. Akwatin kuwa yana kan madubin Hajiya, 'yan kunne ne a ciki.