Kwalin bambulbi ko na'urar girgiza: me mai rumfar tumatir zai saya?

Furen tumatir ba ya sakin garinsa, wanda ke sa ya ɗaura 'ya'ya, da kyau sai an jijjiga shi, kuma cikin rumfar leda iska ba ta kaɗawa sosai. Ƙudan zumanmu bai iya wannan jijjigar ba. Shi ya sa dillalai ke tallar kwalin bambulbi, ƙaton ƙudan nan mai gashi na ƙasashen sanyi, wanda kamfanoni irin su Biobest na Beljiyam da Koppert na Holan ke kiwo tun ƙarshen shekarun 1980.

Aiki kam yana yi. Amma a dubi Japan tukuna. Sun fara shigo da na Turai, Bombus terrestris, a farkon shekarun 1990 saboda tumatir, zuwa 1996 an ga sheƙarsa a waje a tsibirin Hokkaido. Mazansa suka riƙa barbarar sarauniyoyin gida, su Bombus hypocrita da Bombus ignitus, ƙwan kuma ba ya ƙyanƙyashewa. Sarauniya ta ɓata, zuriya ta yanke. A 2006 gwamnati ta sa na Turan cikin baƙin halittu masu ɓarna, sai da izini da raga a rumfa ake amfani da shi, aka karkata manoma ga ignitus ɗan gida. A Chile ma, bayan shigo da na Turan, ƙaton Bombus dahlbomii ɗan gida ya ja baya ƙwarai.

Manomin Japan yana da ɗan gida da zai koma wa. Mu babu. Kudu da Sahara babu bambulbi na asali ko ɗaya, don haka duk dillalin da ya ce maka nasa "ɗan ƙasa ne, ya saba da zafinmu", riƙe kuɗinka. Kwali makonni kawai yake yi, kuma zafi na wuce digiri 30 sai ƙudajen su bar fure su koma fifita gida. Wani ya taɓa sayar mini da kwalin da ya kwana biyu a hanya, sarauniyar ta mutu, ƙugin 'yan tsirarun ma'aikata kawai ke tashi. Ka nemi sunan nau'in a rubuce, ranar da aka rufe kwalin, takardar lafiya da izinin shigowa. Ka leƙa ka ga sarauniya da idonka. Mai cewa buɗewa za ta tayar musu da hankali, akwai abin da yake ɓoyewa.

Feshin sinadarin da ke sa fure ya ɗaura 'ya'ya kuwa, tumatir mai rami a ciki yakan bayar, ban da shi.

Ni na'urar girgiza nake so. Sanda ce mai batir, a taɓa gindin kowane reshen fure daƙiƙa ɗaya ko biyu, da hantsi bayan raɓa ta bushe, yau a yi gobe a huta. Ba ta tserewa, ba ta mutuwa don an yi feshin ƙwari, babu ruwanta da watan Afrilu. Ƙaramar rumfa ko buroshin haƙori mai batir ya ishe ta. Kuɗinta na hannun ma'aikaci ne, sai ka samu wanda ba zai tsallake layi ba.