Na je Wapa neman kuɗin Jojiya

'Yata ta samu gurbin karatun likita a Tbilisi, babban birnin ƙasar Jojiya, shi ne na nufi Wapa, kasuwar 'yan canji ta Kano, neman lari, kuɗin ƙasar. Shago uku na shiga, kowa ya ce bai taɓa ganinsa ba. A na huɗu na tarar da wani dattijo mai haƙuri, ya ce, "Alhaji, sayi dala, in ta sauka ta canza a can." Ya ƙirga a gabana sau biyu, ya ba ni rasit, har da shayi.

Da ta dawo hutu ta kawo min takardar lari 50, mai hoton Sarauniya Tamar, na ce su ma ashe suna da Aminarsu. Ta ce a 1995 aka fito da lari, aka karɓi tsohon kuɗinsu, kupon, miliyan ɗaya a kan lari ɗaya, don tsadar kaya ta cinye shi. Kwabonsu kuwa tetri, ɗari ke yin lari guda.

Inda dattijon ya gaza: na kai masa ragowar larin da ta dawo da shi, ya jujjuya shi, ya ce ba mai saye. Yana nan cikin aljihun babbar rigata. Dala dai gurinsa zan koma.