Kuɗin kashewa ko ƙaramin jari: wanne ya fi koya wa yaro sanin kuɗi?

Wata 'yar'uwa ta kawo tambaya cewa tana da 'ya'ya biyu, namiji ɗan shekara 8 da mace 'yar shekara 15, kuma tana son su tashi da sanin darajar kuɗi, amma ta rasa wadda za ta bi cikin hanyoyi biyu: ta riƙa ba su ƙayyadadden kuɗin kashewa, ko kuwa ta ba su ɗan jari su fara juyawa. Malama, a ganina hanyoyin nan biyu darussa daban-daban suke koyarwa, don haka abin dubawa shi ne wanne darasi kowane ɗa yake bukata a shekarunsa.

Kuɗin kashewa yana koya wa yaro cewa kuɗi yana ƙarewa, kuma duk abin da ya saya ya hana shi sayen wani. Wannan darasi ana iya fara shi da wuri ƙwarai, domin wani rahoto da masana biyu na Jami'ar Kembirij, David Whitebread da Sue Bingham, suka fitar a Birtaniya a 2013 ya nuna cewa ɗabi'un da suke zama tushen mu'amala da kuɗi, irin su haƙurin jira da tsara abin da za a yi gaba, sukan fara kafuwa tun yaro yana wajen shekara 7. Sai dai hanyar ba ta aiki sai an cika sharuɗɗanta. Dole adadin ya zama sananne, ranar bayarwa ta zama sananniya, a kuma faɗa wa yaron abubuwan da shi zai saya da kansa daga yanzu. Sharaɗin da ya fi wa iyaye wuya shi ne na ƙarshe: idan ya kashe kuɗin mako a rana ɗaya ya dawo yana marairaicewa, kada a ƙara masa. Uwar da take cike gurbi duk lokacin da kuɗin ya ƙare ta koya wa ɗanta cewa kuka ma hanyar samu ce, kuma wannan darasi yana da wuyar gogewa.

Raunin wannan hanya a fili yake, domin yaron yana ganin kuɗi yana zuwa hannunsa ba tare da ya san gumin da ya samar da shi ba. Wasu iyaye kan magance wannan ta hanyar biyan yaro a kan ayyukan gida, amma ni ban goyi bayan a sa wa shara da gyaran ɗaki farashi ba, saboda ranar da yaron ya ji ba ya bukatar kuɗi zai ga ba shi da dalilin yin aikin. Aikin da ya wuce na yau da kullum, wanda da wani za a biya ya yi, shi ne ya dace a biya shi a kai.

Jari kuwa yana buɗe wa yaro ɗaya ɓangaren, wato inda kuɗi yake fitowa, kuma a nan ne darussan suka fi yawa suka kuma fi zurfi. Na farko shi ne bambanci tsakanin ciniki da riba da uwar kuɗi, wanda manya da yawa ma ba su rarrabe shi ba. Idan yarinya ta sayi kaya a kan 100 ta sayar a kan 130, za ta ga 130 a hannunta ta ɗauka duk nata ne, alhali 30 kaɗai ne ya ƙaru, kuma a cikin 30 ɗin sai an cire kuɗin zirga-zirga, da na abin naɗe kaya, da asarar abin da ya lalace ko ya ƙi sayuwa. Ranar da ta fara taɓa 100 ɗin nan don biyan bukatarta, ranar jarin ya fara karyewa, ko da kuwa ciniki yana tafiya. Na biyu shi ne bashi, domin masu sayen farko kusan kullum ƙawaye ne da 'yan'uwa, su ne kuma suka fi cewa za su kawo gobe, kuma koyon yadda ake cewa a'a cikin ladabi, ko yadda ake bin bashi ba tare da an ɓata zumunci ba, ilimi ne da zai yi mata amfani har tsufanta. Na uku shi ne rubutu: abin da aka saya, abin da aka sayar, da wanda ake bi. Sana'ar da ba a rubuta lissafinta ba ta koyar da komai sai ƙirga kuɗi.

Ana yawan kafa hujja da Ingvar Kamprad na ƙasar Suwidin, wanda ya fara da sayar da ashana yana ƙaramin yaro, ya kuma kafa IKEA, babban kamfanin sayar da kayan ɗaki, a 1943 yana shekara 17, ko Warren Buffett, attajirin mai zuba jari na Amurka, da ya sayi hannun jarinsa na farko yana shekara 11. Labaran gaskiya ne, amma labarin waɗanda suka yi nasara kaɗai muke ji, don haka kada a auna nasarar 'yarki da yawan ribar da ta kawo. Haɗarin jari ya fi na kuɗin kashewa girma, domin yana iya cinye lokacin karatu, kuma da zarar gida ya fara dogara da ribar yaro, koyarwa ta koma aikatau. Yarjejeniya mai lamba 138 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ta shekarar 1973, ta amince da aiki mara nauyi ne ga 'yan shekara 13 zuwa 15, da sharaɗin kada ya cutar da lafiyarsu ko ya hana su makaranta, kuma wannan ma'auni ne mai kyau ga iyaye ko a cikin gida.

Abin da hanyoyin biyu suka haɗu a kai shi ne yaro yana riƙe kuɗi na gaske yana yanke shawara, kuma wannan ya fi nasiha ta baki tasiri. A 2014 masu bincike uku, Daniel Fernandes da John Lynch da Richard Netemeyer, sun tattara sakamakon nazarce-nazarce 201, suka ga cewa tasirin darasin kuɗi a kan halayyar mutum yana dusashewa da tafiyar lokaci, har ya kusa ɓacewa bayan wata 20, shi ya sa suka ba da shawarar a koyar da abu daidai lokacin da mutum zai yi amfani da shi.

Ga ɗan shekara 8, ki fara da kuɗin kashewa mako-mako, domin wata guda ya yi wa haƙurinsa tsawo, kuma ya zama tsabar kuɗi da zai riƙe ya ƙirga, tun da kuɗin da ke cikin waya ba ya nuna wa ƙaramin yaro cewa yana raguwa. Ki haɗa masa da asusu da wani abu guda da shi ya zaɓa yake tara kuɗi dominsa.

'Yar shekara 15 kuwa tana bukatar duka biyun. Ki mayar da kuɗin kashewarta wata-wata don ta koyi miƙa shi, sannan ki ba ta jarin a matsayin rance mai wa'adi, bayan ta kawo miki a rubuce abin da za ta sayar, da wanda zai saya, da abin da take sa ran zai rage mata. Zai fi kyau ta sa wani kaso daga ajiyarta, domin mutum ya fi tattalin abin da nasa yake ciki. Adadin kada ya wuce abin da za ki iya rasawa ba tare da ɓacin rai ba, sana'ar ta tsaya a ƙarshen mako da lokacin hutu, kuma ki san waɗanda take mu'amala da su, musamman idan ta intanet take tallata kayanta. Ku riƙa zama sau ɗaya a wata ku duba littafin lissafin tare, kuma idan aka samu faɗuwa, ki bar ta ta gano dalilin da kanta kafin ki yanke shawarar ko za ki ƙara mata wani rancen.