Garejin da ya gyara mini mota bayan hatsarin Ketu, da yadda muka kwashe da kamfanin inshora

Motata Toyota Corolla ce ƙirar 2010, kuma da ita nake zirga-zirga tsakanin gidana da ke Agege da rumfata a kasuwar Mile 12, duk a Legas. Wata safiya cikin damina, a kan titin Ikorodu daf da Ketu, wata danfo, wato ƙaramar bas ɗin haya ta Legas, ta fizgo daga tasha ba tare da direbanta ya duba madubi ba, ta ɗauke mini gaban mota ta ɓangaren dama. Alhamdu lillahi babu wanda ya ji ciwo, amma bamba ta ɓalle, fitilar dama ta tarwatse, madigadi ya lotse, bonet ya lanƙwashe, lagireto kuma ya fashe har ruwa yana tsiyaya a kwalta. Jami'an LASTMA, hukumar kula da zirga-zirgar motoci ta Jihar Legas, suka zo suka matsar da mu gefe, ni kuma na ɗauki hotunan motocin biyu da lambobinsu kafin janwe ya iso.

Direban danfon ya miƙo takardar inshorarsa, sai na buga *565*11# a wayata, wato lambar da ake duba rajistar inshorar mota da ita a rumbun bayanan kamfanonin inshora na ƙasa, na shigar da lambar motarsa, babu ita babu alamarta. Wannan ya ƙona mini rai, domin tun watan Janairun 2023 Hukumar Inshora ta Ƙasa, NAICOM, ta mayar da kuɗin ƙaramar inshorar motar gida, wadda ke biyan ɓarnar da mai mota ya yi wa wani kawai, daga naira 5,000 zuwa 15,000, ta kuma ɗaga diyyar dukiyar wanda aka yi wa ɓarna daga miliyan 1 zuwa miliyan 3. Da takardar mutumin ta gaske ce, da kamfaninsa ne zai ɗauki nauyin gyaran. Abin da ya cece ni shi ne tawa cikakkiyar inshora ce, irin wadda hukumar ta ce kada kuɗinta ya gaza kashi 5 cikin ɗari na darajar mota a shekara. Na sanar da kamfanina a ranar, suka buƙaci rahoton 'yan sanda da lasin tuƙi da takardun mota da hotuna, sannan suka ba ni sunayen gareji uku da suke hulɗa da su. Na zaɓi wanda ke tsakanin Ogba da Agege saboda kusa da gida yake.

Mai garejin dattijo ne Bayarabe wanda ya koyi sana'ar a Sabon Garin Kano, Hausa a bakinsa kamar jakin Kano. Abu na farko da ya sa na natsu da shi ya faru ne tun janwe bai bar harabar ba. Wani yaronsa ya ɗauko sufana zai kwance ragowar bamba, sai dattijon ya daka masa tsawa, ya juyo gare ni ya ce, "Alhaji, ko noti ɗaya ba za a taɓa ba sai injiniyan kamfani ya zo ya gani da idonsa. Idan muka kwance, gobe za su ce ba su san yadda ta zo ba." Ya sa aka ɗauki hoton kowace ɓarna daga nesa da kusa, aka rubuta lambar shasi da adadin kilomitar da ke jikin mita, aka lissafa abin da ke cikin but har da jak da safayar taya, na sa hannu, shi ma ya sa.

A ganina, ƙarfin wannan gareji yana cikin takardunsa ne kafin a zo ga gudumarsa. Ƙiyasin da suka rubuta shafi biyu ne, kowane kaya da layinsa, an bambanta abin da za a sauya da abin da za a buga a miƙe, an ware kuɗin aiki daban da na fenti. Da injiniyan kamfanin ya zo bayan kwana biyar, ya zaftare abubuwa da dama. Ya ce madigadi bugawa za a yi ba sauyawa ba, ya kuma ce tunda lagireton da ya fashe ya kwana biyu, dole in biya wani kaso na sabon, domin ƙa'idar inshora ita ce a mayar da mutum inda yake kafin hatsari, ba a bar shi da abin da ya fi na da ba. Ban da wannan akwai kason farko da yarjejeniyar ta ɗora wa mai mota a kowace ɓarna, wanda yake rubuce a takardata tun ranar da na saya, kuma ya kamata duk mai inshora ya nemo wannan layin ya karanta shi tun bai shiga matsala ba.

Dattijon bai yi jayayya a kan madigadi ba, ya ce injiniya ya yi gaskiya, ƙarfen asali da aka buga da kyau ya fi sabon kwaikwayo. Amma da aka kwance gaban motar, sai ga shi ƙarfen da ke riƙe da lagireto ya karkace, kuma kwandensar na'urar sanyaya mota ta huje, abubuwan da ba a gani daga waje. Nan take ya tsayar da aiki, ya ɗauki hotuna, ya rubuta ƙarin ƙiyasi, ya ƙi ci gaba har sai da injiniyan ya dawo ya amince a rubuce. Na san garejin da zai miƙe ƙarfen nan da guduma ya rufe bonet ya yi shiru, sai bayan wata uku mai mota ya ga injin yana zafi a cunkoson Oshodi, a lokacin kuwa an riga an rufe fayil ɗinsa.

Kayan gyara a kasuwar Ladipo da ke Mushin aka sayo su, kuma na roƙa a bar ni in bi shugaban yaran, wani matashi Bakano, ba su hana ni ba. A can ne na ga amfanin tafiya da ɗan gari. An kawo mana fitila tokunbo, irin kayan da mu a Arewa muke kira Beljiyam, tana ƙyalli kamar sabuwa. Matashin ya juya bayanta ya goga farce a kunnuwan da ake ɗaure ta da su, sai ga layin gam a ƙarƙashin baƙin fenti. Ya ce, "Yallaɓai, wannan an taɓa karya ta aka liƙe, ramin farko da ka faɗa za ta fara rawa." Sai a shago na huɗu muka samu lafiyayya, kuma kowane kaya ya karɓi rasit ɗinsa domin kamfanin inshora yana nema.

Aikin bodi kuwa ba ni da abin cewa sai yabo. Na tsaya kusan awa ɗaya ina kallon mai bugun yana bin madigadin da ƙaramar guduma, ya tare ta ciki da dunƙulen ƙarfe, ya buga kaɗan ya tsaya ya shafa da tafin hannu idonsa a rufe, yana neman tudun da ido ba ya gani. Saboda haka fila kaɗan aka shafa, wato ƙullun da ake cike lotsawa da shi kafin fenti. Da na karɓi motar na bi wurin da maganaɗisu, ya kama ko'ina, alamar ba a cika ramin da ƙullu ba. Fentin ma da lambar launin motar aka haɗa shi, aka gasa a rufaffen ɗaki, kuma ko a tsakar rana ba na iya bambance sabon madigadi da ƙofar da ke gefensa.

Inda suka gaza shi ne alƙawarin lokaci da kuma sanar da mutum halin da ake ciki. An ce mini mako biyu, sai da na yi mako biyar ina hawa motar haya. Kusan rabin jinkirin daga kamfanin inshora ne, wanda ya riƙe amincewa ta biyu kwana tara, amma sauran nasu ne, kuma babu ranar da suka kira ni da kansu, kullum ni ke nema. Ranar karɓa ma na tarar da ƙurar fila a kan dashbod da kujeru, sannan da dare ya yi na ga sabuwar fitilar tana haska saman bishiyoyi maimakon hanya. Na mayar washegari, suka daidaita ta suka wanke cikin motar ba tare da karɓar ko kwabo ba, amma mutumin da ya jira mako biyar bai kamata ya sake dawowa don irin wannan ba.

Kamfanin ya turo takardar sallama tun motar tana ɗakin fenti, ita ce wadda idan mutum ya sa mata hannu ya yarda ke nan an gama biyansa. Dattijon ya hana ni sa hannu har sai da na tuƙa motar zuwa Ikeja na dawo, na kunna na'urar sanyi, na duba ƙarƙashinta ko akwai ɗigon ruwa. Ya kuma tuna mini cewa idan kamfani ya yi ta jan ƙafa ba dalili, NAICOM tana da sashen karɓar ƙorafi. Ban kai ga haka ba, domin kamfanin ya biya garejin kai tsaye, ni kuma na biya kasona na karɓi rasit. Ga 'yan uwan da zuciyarsu ba ta kwanta da inshorar da aka saba ba, akwai kamfanonin takaful, wato inshora bisa tsarin Musulunci, masu lasisin hukumar, kamar Noor Takaful da Jaiz Takaful, kuma dattijon ya ce takardun da suke nema bayan hatsari kusan iri ɗaya ne.

Wanda zai biya daga aljihunsa kuma ɓarnar ƙarama ce zai iya samun mai bugun bodi mafi araha a bakin hanyar Agege, domin kuɗin aikin wannan gareji ya ɗara na maƙwabtansa. Amma wanda zai bi diyya ta hannun kamfani, ko wanda gaban motarsa ya daku har ana zargin ƙarfen ciki, a nan nake ba shi shawara ya kai, da sharaɗin ya ninka kwanakin da aka faɗa masa kuma ya riƙa leƙawa da kansa. Yau wata huɗu da karɓar motar, na ratsa ruwan Ketu da ita sau da yawa, allurar zafi ba ta taɓa wuce tsakiya ba, fentin kuma bai tsage ba.