Masu gyaran na'urar dumama ruwa mai gas a Zinder: aikinsu ya gamsar

Masu gyaran nan na Sabon Gari ba sa gaggawar canza kayan na'ura, abin yabo ne. Idan wuta ta ƙi kamawa, batir biyu na volt 1.5 suke fara dubawa, sannan ƙarfin ruwa. A Damagaram yawanci nan matsalar take: ruwan famfo ya yi rauni, ya kasa tura robar da ke buɗe gas. Sai su wanke matatar ruwa, in robar ta tsage su sa sabuwa.

Wuta rawaya kuwa, ƙurar hunturu ce ta toshe ƙofofin gas, kuma iskar da irin wannan wuta take fitarwa tana kisa. Yoyon gas da kumfar sabulu suke gwada shi, ba da ashana ba.

Aibinsu ɗaya: kayan gyara kan yi jinkirin zuwa daga Kano.