Batirin sola na gida da alkawarin sayar wa layi wuta: abin da na gani a Kano

Bayan duhun da ya mamaye Arewa a watan Oktoban 2024, lokacin da manyan layukan da ke kawo lantarki suka lalace har Kano ta shafe kwanaki babu wuta, na yanke shawarar raba gari da janareto, wanda dama tun cire tallafin fetur a watan Mayun 2023 kuɗin mansa yake gogayya da kuɗin cefane a gidana. Na je wani shago a Sabon Gari aka haɗa mini farantan sola takwas masu wat 550 kowanne, da batirin litiyam mai ɗaukar yunit 10, da inbata mai kilowat 5 wadda ke sarrafa wutar rana da ta batir da ta layi gaba ɗaya. Akwai wata inbata mai rahusa a gefe, amma mai shagon ya nuna mini haruffan VPP a jikin kwalin wannan, ya ce, "Alhaji, wannan ita ce ta zamani, da ita kai za ka riƙa sayar wa NEPA wuta." Na ƙara kuɗi na ɗauke ta saboda wannan magana, kuma a kanta nake so in tsaya.

Ta fuskar aikin gida ba ni da ƙorafi. Firji ba ya mutuwa, fankoki huɗu suna kwana suna juyawa ko a tsakiyar bazara, injin jan ruwa kuwa da hantsi muke kunna shi lokacin da rana ta yi ƙarfi, don kada ya taɓa batir. Idan an ɗauke wuta ko talabijin ba ta ƙiftawa. Matsalar da na gani ita ce hunturu, domin ƙura na kwanciya a kan farantan har mutum ya iya rubuta sunansa da yatsa, kuma idan aka yi mako ba a wanke ba batirin ba ya cika kafin la'asar. Da sassafe muke wankewa, kafin gilashin ya ɗauki zafi.

Abin da haruffan nan uku na VPP (Virtual Power Plant a Turance) suke nufi kuwa wani tsari ne da zan kira tashar lantarki ta gayya, domin aikinsa bai bambanta da gayyar noma ba. Babu gini, babu injin guda ɗaya. Batiran gidaje ne masu yawa ake haɗawa ta intanet a ƙarƙashin kamfani ɗaya mai kula da su. Da rana kowane batir yana cika daga rufin gidansa. Da magariba, lokacin da rana ta faɗi kuma kowa ya koma gida ya kunna kayan wuta, layi yakan ɗauki nauyin da ya fi na kowane lokaci, to a nan ne manhajar kamfanin take aika umarni ga dubban inbata su saki wani kaso na abin da suka tara zuwa layi a lokaci guda. Lissafin mai sauƙi ne: gida 2,000, kowanne ya ba da kilowat 5, sun tashi megawat 10, daidai da ƙarfin tashar sola ta Challawa da aka buɗe a Kumbotso a farkon 2023. Akwai kuma aiki na biyu wanda ido ba ya gani. Wutar layi tana kaɗawa sau 50 a daƙiƙa, kuma idan wata babbar tasha ta faɗi ba zato wannan adadi yakan yi ƙasa, abin da kan kai ga durƙushewar layin ƙasa baki ɗaya, kamar yadda muka sha gani a Najeriya. Batir yana iya kawo ɗauki cikin ƙasa da daƙiƙa guda, alhali injin gas yana bukatar mintuna kafin ya tashi.

Tsarin ba tatsuniya ba ne. A 2018 gwamnatin jihar Ostareliya ta Kudu da kamfanin Tesla suka sanar da shirin da aka tsara zai kai gida 50,000, aka kuma fara da gidajen haya na gwamnati, inda ake girka batirin Powerwall mai ɗaukar yunit 13.5. A Kalifoniya ta Amurka, shirin da Tesla da kamfanin lantarki na PG&E suka buɗe a 2022 ya riƙa biyan mai gida dala 2 a kan kowane yunit da batirinsa ya bayar a lokacin da layi ya shiga matsi. Mai gida ne yake ƙayyade kason da ba za a taɓa ba, domin ya rage masa na dare.

To me ya hana tawa inbatar yin haka a unguwarmu ta Hotoro? Abu na farko, inbata irin wannan ba ta tura wuta cikin layin da ya mutu. Da zarar an ɗauke wuta takan yanke kanta daga layi ta koma ciyar da gida kaɗai, kuma da gangan aka ƙera ta haka, don kada ma'aikacin da ya hau fal yana gyara ya gamu da wutar da ta fito daga gidan wani. Ke nan lokacin da unguwa ta fi bukatar taimako shi ne lokacin da batirina ba shi da hanyar taimakawa. Abu na biyu shi ne mita. Ana bukatar mita mai ƙirga shiga da fita, ta kati da muke amfani da ita kuwa abin da aka sha kawai take cirewa, wasu ma idan wuta ta koma baya sai su ƙirga ta a matsayin wadda aka sha su cinye yunit. Yaron da ya yi mini haɗin, wanda aikinsa ya yi tsafta ƙwarai, shi ya ja hankalina ga wannan, ya ce, "Baba, a bar wannan wurin a kashe, in ba haka ba katinka ne zai ƙare." Abu na uku, dole a sami kamfanin da zai tara batiran, da yarjejeniya a rubuce da kamfanin rarraba wuta kan farashi da lokacin biya, ni kuwa mai shagon bai miƙa mini takarda ko ɗaya ba, kwali kawai ya nuna mini. Wannan ne ya ɓata mini rai, domin abin da ya faɗa yana iya yiwuwa a wata ƙasa, amma ya san a Kano nake zaune.

Ko da ranar ta zo, zan yi lissafi kafin in shiga. Batirin litiyam yana da adadin ci da saki da zai yi kafin ƙarfinsa ya ragu, zafin Kano na watan Afrilu da Mayu, da ke haura digiri 40, yana ƙara gajiyar da shi, don haka duk yunit da aka janye domin layi yana rage wani abu daga tsawon ransa, kuma sai kuɗin da za a biya ya rufe wannan asara. Dokar lantarki ta 2023 ta ba jihohi ikon tsara kasuwar wutarsu, kuma ina ganin inda tsarin zai fi saurin kama ƙasa a nan shi ne ƙananan layuka masu zaman kansu, irin na kasuwa ko rukunin gidaje, inda layin ba ya mutuwa kuma mai tara kuɗi guda ɗaya ne. Rumfunan kasuwar Sabon Gari da ke shan wutar sola ta haɗaka sun riga sun nuna cewa mutane za su biya idan wuta ta tsaya.

Ga wanda zai saya yanzu, batirin da farantan sun cancanci kuɗinsu, inbatar ma tana da inganci, amma kada ya ƙara ko sisi saboda haruffan VPP. Ya nemi takardar garanti mai nuna shekaru da adadin cajin batir, ya sa a girka batirin a ɗaki mai iska wanda rana ba ta dukansa, sannan ya tsaya a gaban mai haɗin har ya ga an kashe saitin tura wuta zuwa layi. Nawa a kashe yake, na kuma sa batirin ya tsaya idan ya sauka zuwa kashi 20 cikin 100.