Nonsitik, Sitenles Ko Tukunyar Dalma: Wacce Za A Kai Ɗaki?

Duk wadda ta shiga shagon kayan kicin da niyyar haɗa wa 'yarta kayan ɗaki ta san yadda abin yake. Mai shago zai sauko da kwali ɗaya, tukwane goma sha biyu a ciki, launi ɗaya, marfin gilashi, cikinsu baƙi sumul. Zai nuna miki wani hatimi a jikin kwalin ya ce, "Hajiya, wannan fasaha ce mai rajista, ba irin na kasuwa ba ne." Kafin ki miƙa kuɗi, ya kamata ki san me wannan hatimi yake nufi, domin a kansa ake ƙara farashi.

Hatimin yana nuni ne ga takardar mallakar ƙirƙira, wadda shaida ce kawai cewa hukuma ta yarda wani ya zo da dabara sabuwa, kuma ta hana wasu kwaikwayonsa na tsawon shekara 20 daga ranar da ya shigar da buƙatarsa. Ba ta ce tukunyar za ta daɗe ba, ba ta ce ta dace da murhunki ba. Manyan dabarun da aka gina tukwanen zamani a kansu kuwa, takardunsu sun ƙare tun kafin a haifi yawancinmu. Kowace masana'anta tana da damar amfani da su yau. Abin da ya rage ya bambanta tukunya da tukunya shi ne kaurin ƙarfe, ingancin shafe, da irin wutar da za a ɗora ta a kai.

Mu fara da wadda ta fi jan ido, nonsitik. Baƙin shafen nan da ke hana abinci kamawa roba ce ta musamman mai suna PTFE, wadda aka fi sani da sunan kasuwa Teflon. Gano ta ma tsautsayi ne mai daɗi. A watan Afrilun 1938, wani matashin masanin sinadarai, Roy Plunkett, yana aikin neman iskar sanyaya firiji a kamfanin DuPont a jihar New Jersey ta Amurka. Ya buɗe tukunyar gas ɗinsa, iska ba ta fito ba, alhali nauyin tukunyar bai ragu ba. Da aka yanka ta, sai ga wani farin gari mai santsi kamar kakin zuma. An ba da takardar mallakarsa a 1941, kuma aikin farko da ya yi na yaƙi ne: liƙe bututun da ake tace yuraniyam a shirin ƙera bam ɗin nukiliya na Amurka, domin kusan babu sinadarin da ke cin sa. Wanda ya kawo shi kicin wani injiniya ne Bafaranshe, Marc Grégoire, wanda a 1954 ya gano yadda za a sa abin da ba ya manne wa komai ya manne wa alminiyam: a fara cinye fuskar ƙarfen da asid har ta yi ƙananan ramuka, sannan robar ta shiga ramukan ta riƙe. Shi da matarsa Colette suka kafa Tefal a 1956.

A nan ne sirrin yake, kuma a nan ne raunin yake. Shafen siriri ne ƙwarai, a zaune yake a kan ƙarfe, ba jikin ƙarfen ba ne. PTFE tana narkewa a digiri 327 a ma'aunin Selshiyos, amma tun daga wajen digiri 260 take fara lalacewa, idan zafin ya ci gaba kuma ta fitar da hayaƙin da ke sa mutum zazzaɓi kamar na mura, tsuntsayen gida kuwa yana iya kashe su. Suyar ƙwai, wainar fulawa ko kifi ba ta kai nan, domin man gyaɗa yakan fara hayaƙi kafin a kai wannan zafin. Matsalar tana zuwa ne idan aka bar kasko babu komai a kan wuta mai ƙarfi, ko aka ɗora shi a kan gawayi, inda ba ki da maɓallin rage wuta.

Na gani da idona a gidan wata 'yar ƙanwata, wata uku da tarewa. Gas ya ƙare, ta ɗora sabon kaskonta a kan kurfoti za ta soya gyaɗa da yashi. Ta zo tana cewa, "Inna, kin ga an cuce mu, jabu aka sayar mana." Na karɓa na duba: tsakiyar kaskon ya koɗe ya koma ruwan toka, gefensa yana ɓarewa kamar fatar albasa, ga sawun cokalin ƙarfe layi-layi. Na ce mata ko na asali ne abin da zai same shi ke nan. Yashi, garwashi da cokalin ƙarfe, duk ukun ta haɗa masa a rana guda.

Akwai rubutun da ke rikita mutane a jikin kwali, wanda ke cewa babu PFOA. Wannan wani sinadari ne daban da ake amfani da shi a da wajen haɗa PTFE a masana'anta, aka same shi da illa ga lafiya da muhalli. Manyan kamfanoni sun daina amfani da shi zuwa 2015, kuma a 2019 aka sa shi cikin jerin abubuwan da Yarjejeniyar Stockholm, ta ƙasashen duniya a kan sinadarai masu guba, ta haramta. Don haka rubutun ba ya nufin kaskon ba shi da PTFE, kuma ba wata falala ba ce ta musamman a yau. Haka masu ɗigo-ɗigon nan da ake ce wa na dutse ko na mabul: da yawansu PTFE ce aka yayyafa mata launi, babu dutsen da ke ciki.

Shafen siramik, wanda kamfanin GreenPan na Beljiyam ya yayata tun 2007, daga sinadarin yashi ake yin sa, kuma ya fi PTFE jure zafi. Sai dai santsinsa ya fi saurin gushewa. Idan tsoron hayaƙi ne damuwarki, ki ɗauke shi, amma ki sa a ranki cewa shi ma na ɗan lokaci ne.

Ra'ayina a kan nonsitik gajere ne: kasko ɗaya, mai kauri, don ƙwai da makamantansu, da cokalin katako a kusa da shi. Sayen saiti guda har da tukunyar tuwo asara ce. Muciya ba ta san lallashi ba, kuma ƙanzo sai an kankare.

Sitenles kuwa wani labari ne. Shi ba shafe ba ne, jikin ƙarfen ne gaba ɗaya. Ƙarfe ne da aka haɗa da kuromiyam aƙalla kashi 10.5 cikin ɗari, wanda ke haɗuwa da iska ya yi wata fata da ido ba ya gani, ta hana tsatsa, ko an karce ta kuma ta sake tohuwa da kanta. Harry Brearley na birnin Sheffield a Ingila ya narka irinsa a 1913 yana neman ƙarfen da bakin bindiga ba zai cinye ba, yayin da a Jamus Benno Strauss da Eduard Maurer na kamfanin Krupp suka riga suka nemi takardar mallakar haɗin kuromiyam da nikel a 1912. Wannan haɗin na Jamus shi ne kakan abin da kike gani an buga a gindin tukunya, 18/8 ko 18/10, wato kuromiyam 18, nikel 8 ko 10. Idan kin ga lamba 304, dangin nan ne. Wanda aka rubuta 18/0 ko 430 ba shi da nikel, ya fi araha, kuma bai kai wancan jure gishiri da tsami ba.

Masu shago suna son gwajin maganaɗisu: wai idan bai kama ba, na asali ne. Rabin gaskiya ce. Lallai 304 ba ya kama maganaɗisu sosai, 430 kuma yana kamawa. Amma akwai mai lamba 201, wanda aka rage masa nikel aka cike da manganis don a sauƙaƙa kuɗi, shi ma ba ya kamawa, ga shi yana saurin yin tabo. Sannan tukwane masu tsada da yawa da gangan ake sa musu gindi mai kama maganaɗisu don su yi aiki a kan murhun lantarki mai amfani da maganaɗisu. Ki gwada a jikin bango daga ciki, ki nemi lambar da aka buga, ki kuma ɗaga ki ji nauyi.

Aibin sitenles ɗaya ne babba: rowar zafi. A ma'aunin da injiniyoyi ke auna gudun zafi a cikin ƙarfe, jan ƙarfe yana wajen 400, alminiyam sama da 200, baƙin ƙarfe na zubi wajen 50, sitenles kuwa 15 zuwa 16 kacal. Shi ya sa siririyar tukunyar sitenles take ƙona shinkafa daidai inda harshen wuta ke taɓawa, gefe kuma bai nuna ba. Maganin da aka samo shi ne a yi masa ciki da alminiyam. John Ulam, masanin ƙarafa a jihar Pennsylvania, ya yi suna da dabarun matse faranten ƙarfe daban-daban da zafi da nauyi har su zama abu guda, kuma a 1971 ya kafa All-Clad a garin Canonsburg. Yau iri biyu za ki tarar a kasuwa. Akwai mai faifai a gindi kawai, za ki ga an liƙa wani kauri a ƙasa. Ya wadatar ga miya da dafa-duka a kan gas, muddin wutar ba ta zarce faɗin faifan ba, don idan ta zarce za ki ga zoben ƙuna ya zagaye gefe. Akwai kuma mai hawa uku tun daga gindi har baki, wanda idan kin duba leɓen tukunyar sau da yawa za ki ga layin alminiyam a tsakiya. Ya fi tsada nesa ba kusa ba, amma shi ne irin tukunyar da uwa ke bar wa 'ya. Miyar tumatir, yakuwa, tsamiya, zoɓo, babu wanda zai dame shi. Abu ɗaya: ki bari ruwa ya tafasa kafin ki zuba gishiri, don gishirin da ya kwanta a gindi yana haƙa ƙananan ramuka.

Yanzu ga tamu ta gida, tukunyar dalma, wadda kowane gidan biki ya dogara da ita. Sunan yana da ban mamaki, domin ainihin jikinta alminiyam ne, dalma kuwa ita ce ƙarfen nan mai guba da muka ji labarinsa a Zamfara a 2010. Alminiyam yana narkewa a digiri 660, shi ya sa maƙera ke iya narka shi da gawayi da zugazugi su zuba a cikin ƙirar yashi. Dabarar zubin tukunya a yashi kuwa tsohuwa ce. Abraham Darby ya karɓi takardar mallakarta a Ingila tun 1707, shi da baƙin ƙarfe yake yi. A wajen aiki, babu mai raina tukunyar dalma: kaurinta yana raba zafi, tana jure icce, tana jure muciya, idan ta huje a liƙe ta.

Damuwar tana wajen abin da aka narka. Idan gwangwanayen lemo ne da ragowar firam ɗin taga, da sauƙi. Idan kuwa an haɗa da kayan injin mota, lagireto da tarkacen lantarki, to dalmar gaske na iya shiga. Masu bincike ƙarƙashin Jeffrey Weidenhamer na Jami'ar Ashland a Amurka sun gwada irin waɗannan tukwane daga Kamaru suka wallafa sakamako a 2014, suka nuna cewa dalma tana fita daga jikin wasunsu idan aka tafasa ruwa mai tsami a ciki. Ido ba ya rarrabe mai dalma da marar ita. Abin da ke hannunki shi ne ki tambayi maƙerin da kika sani me yake narkawa, ki guji dafa abu mai tsami a cikinta na tsawon lokaci, kada ki bar miya ta kwana a ciki, kuma abincin yara ƙanana, musamman kununsu, ki ba sitenles. Kanwa ma tana cin alminiyam, ita ce ke baƙanta cikin tukunya bayan an dafa wake. A cikin alminiyam na kamfani kuma akwai wanda ake ƙarfafa fuskarsa da lantarki a cikin ruwan asid ya fito launin toka mai duhu. Wannan ya fi jure karce da tsami, sai dai da yawansu an sake shafe cikinsu da PTFE, don haka dokar nonsitik ta hau kansu.

Baƙin ƙarfe na zubi ba ya buƙatar dogon bayani. Nauyi gare shi, yana jinkirin ɗaukar zafi, amma idan ya ɗauka ba ya saki, shi ya sa ya dace da suyar ƙosai da nama, kuma garwashi abokinsa ne. Baƙin da yake yi da tsufa mai ne da zafi ya gasa ya zama wata fata mai santsi, kusan nonsitik ɗin da kaskon ya yi wa kansa, irin abin da duk mai tuyar masa ta sani a tandarta. Idan ya lalace a goge a sake shafa mai a gasa. Kada dai a bar shi da danshi, tsatsa ba ta jira.

Saura hannu da marfi, waɗanda ba a cika dubawa ba sai ranar da suka ba da kunya. Baƙin hannun nan mai tauri dangin Bakelite ne, robar da Leo Baekeland ya ƙirƙiro a 1907. Ba ta narkewa kamar roba ta gama-gari, amma yawancin masu ƙera tukwane ba sa yarda a wuce da ita wajen digiri 175, kuma harshen wutar icce da ke lasar gefen tukunya zai ƙona ta ta riƙa marmashewa. Idan girkinki na tsakar gida ne, ki nemi hannun ƙarfe. Ki kuma juya tukunyar ki ga yadda aka kafa shi: mai ƙusoshin da aka dasa ta ciki ya fi mai noti ɗaya, wanda bayan wata shida zai fara rawa, ki riƙa neman wuƙa kina ɗaure shi tukunya na kan wuta.